Matakala 12 da Ban Taɓa Gani Ba

Sau biyu na taɓa shiga Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan kafin wannan tafiya, kuma da za a tsare ni a tambaye ni ko akwai matakala a bakin ƙofarsa, rantsuwa zan yi in ce babu. Alhali akwai, har guda 12. Yaya ne ya ƙirga mini su tun muna gida, makonni kafin mu tashi, yana zaune gaban kwamfuta da biro da takarda kamar mai shirin jarrabawa. Shekara 9 ke nan yana kan keken guragu, tun hatsarin motar da ya taɓa masa laka. Kafin nan malamin tarihi ne, ya daɗe yana koya wa yara labarin Dutsen Rosetta, dutsen da ya zama mabuɗin karanta tsohon rubutun Masar, daga hoton littafi, bai taɓa sa shi a ido ba. Da dama ta samu ya ce ni zan raka shi, amma da sharaɗi guda: ba zan taɓa mariƙin kekensa ba sai ya ce in taɓa. Na ce na ji. Ashe ji daban, iyawa daban.

Tun a filin jirgi na fara karatu. Keken mutum ba ya shiga cikin jirgi tare da shi, a bakin ƙofa ake karɓe shi a kai cikin kaya, a mayar da mai shi kan wata siririyar kujera mai taya da za ta iya ratsa tsakanin kujeru, a ɗaure shi da bel a ƙirji da gwiwa. Shi ne na farkon shiga, shi ne na ƙarshen fita. Wata ma'aikaciya ta tsallake shi da ido ta dube ni ta ce, zai iya tsayawa ko da na minti ɗaya ne? Kafin in buɗe baki Yaya ya ce mata, a'a, ba zai iya ba, amma yana iya magana. Ta ji kunya ta ba shi haƙuri. Ni ma na ji kunya, don har na ɗauko numfashin amsawa.

Sai da muka yi nisa a sama na lura bai taɓa ruwan da aka kawo ba. Na ce, Yaya ba ka jin ƙishi? Ya ce tun asuba ya daina sha, don banɗakin jirgi ba nasa ba ne. Awa nawa muka yi a zaune, ni na tashi sau uku, shi ko ɗaya.

Mun sauka Heathrow da sanyin safiya. Kowa ya fita, masu shara suka shigo, mu muna zaune muna jiran keke. Da ya iso, abin ɗora ƙafa na hagu ya lanƙwashe. Na fara zafi ina neman wanda zan yi wa faɗa, Yaya ya ce in bari mu cike takardar koke mu wuce, ya san haka za ta iya faruwa. A wurin ɗaukar kaya ya buɗe akwatinsa ya zaro ɗan kunshin sifana, ya kwance noti biyu, ya sa na taka ƙarfen da ƙafa har ya miƙe. Wajen jami'an shige da fice kuwa ba mu daɗe ba, aka bi da mu ta wani layi na gefe, tambaya uku aka buga hatimi.

Daga nan jirgin ƙasa na layin Elizabeth muka hau, wanda aka buɗe a 2022. Yaya ya zaɓe shi ne da gangan, domin duk tashoshinsa ana iya zuwa daga titi har dakalin jirgi ba tare da taka matakala ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Landan. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin ya fara aiki tun 1863, lokacin da ba wanda ya yi tunanin mai keke zai fita shi kaɗai, kuma har yau wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai na tashoshinsa 272 ba su da matakala a hanya. A taswirar jirgin akwai ɗan tambarin keke a kan tashoshin da suka dace. Na sha riƙe wannan taswira a baya, ban taɓa ganin tambarin ba sai ranar. Tashoshi biyu da ni zan sauka idan zan je gidan tarihin, Holborn da Russell Square, duk babu tambarin a kansu. Tottenham Court Road ce tamu. Can ƙasan jirgin daidai yake da dakali, Yaya ya murza taya sau biyu ya fita abinsa, ni ina baya ina fama da akwatuna.

Masauki ne ya ba mu kashi. Mun kama ɗaki tun daga gida, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa na masu keke ne, fam 160 a dare. Muna isa sai ga tudu mai tsawon taƙi a bakin ƙofar shiga, ba gangara. Mutumin da ke teburin karɓar baƙi ya fito yana cewa ai ƙarami ne, mu ɗaga shi mu biyu. Yaya ya ƙi. Ba girman kai ba ne, ya taɓa faɗuwa a hannun masu taimako, ƙafar da ba ta jin zafi kuma idan ta karye sai ta kumbura ake sani. Aka lalubo wani allon ƙarfe a ɗakin ajiya aka shimfiɗa. Ɗakin kuma, ƙofar banɗakinsa ta ɗara faɗin keken da yatsa biyu kacal, ciki kuma bahon wanka ne mai zurfi wanda sai an ɗaga ƙafa an shiga. An dai kafa ƙarfen riƙewa a bango, wai shi ke nan an gama. Daren nan da tawul da ruwan zafi Yaya ya goge jiki. Da safe aka sauya mana ɗaki a ƙasa mai shaya a fili da kujera. Ya ce laifinsa ne, ya tambaye su ko ɗakin ya dace suka ce e, alhali ya san tambayar da ake yi ita ce santimita nawa ne faɗin ƙofa, kuma a turo hoto. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar Laraba muka nufi gidan tarihin. Shiga kyauta ne, sai dai mun yanki tikitin lokaci ta intanet, ƙarfe 10 na safe, daidai buɗewa. Tafiyar da na sani ta minti 5 ce daga tasha, mun yi ta a kusan 15, domin Yaya ba ya tsallaka titi sai inda aka sassauto da bakin dakali. A wani wuri an jingine kekunan haya a tsakiyar hanya, na kawar da su. A wani wuri hanyar ta karkata zuwa titi, keken yana ta jan hagu, na ga jijiyar hannunsa ta tashi. Hannuna ya kai mariƙin da kansa. Ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Kai, me muka yi da kai?" Na janye.

A harabar da ke kan titin Great Russell akwai tantin binciken jakunkuna, layi ya miƙe har waje. Wani ma'aikaci ya hango mu ya zo, ya ɗan rusuna ya gaida Yaya, shi ya tambaya ko yana son bi ta gefe. Ban san wannan ƙaramin abu zai taɓa ni haka ba: ni ko kallo ban ishe shi ba, da mai tafiyar yake magana. Aka duba jakar da ke rataye a bayan keken, aka ga sifanu, Yaya ya yi bayani, aka bar mu.

Sai ga matakalan nan, a ƙarƙashin manyan ginshiƙai irin na ginin Girkawa. Na ƙirga, 12 cif. A kowane gefensu akwai ɗan lif buɗaɗɗe, kamar faranti mai shinge, wanda mai keke zai shiga ya danna maɓalli da kansa. Tafiyarsa ta hawainiya ce, yana ƙara ƙasa-ƙasa. Na tsaya a sama ina kallon kan Yaya yana ɓullowa a hankali, hula, goshi, gemu. Da ya iso ya ce, gidan nan an kafa shi a 1753, an buɗe wa jama'a a 1759, ka lissafa shekara nawa irina suka yi suna tsayawa a ƙasan nan. Na ce ai yanzu ga shi an gyara. Ya ce ba alheri aka yi musu ba, doka ce. Ya karanta mini ita daga ka: dokar hana wariyar nakasassu ta 1995, wadda dokar daidaito ta 2010 ta maye gurbinta, ita ta wajabta wa duk mai hulɗa da jama'a ya yi gyaran da hankali zai ɗauka don kada a bar wani a waje. Kuma kafin a yi ta farkon, sai da nakasassu suka riƙa ɗaure kansu a jikin bas-bas a titunan Landan.

Ciki kuwa, sai wanda ya gani. Babban filin tsakiyar gidan, wanda aka rufe da rufin gilashi aka buɗe a 2000, falle 3,312 ne na gilashi a samansa, haske yana zubowa ta ko'ina. Ni sama nake kallo. Yaya ƙasa yake kallo. Daɓen dutse ne sumul, ba gargada, ba kafet mai riƙe taya. Ya tura sau ɗaya ya saki hannu, keken ya yi ta tafiya shi kaɗai, na ji ya yi wata dariya da na daɗe ban ji ba. A teburin tambaya aka ba shi taswira, ya sa aka zana masa inda kowane lif yake da banɗakunan masu keke. Nan na ga ana ba da aron keken guragu kyauta ga wanda tafiya ke wahalar da shi, da wasu kujeru masu naɗewa da tsofaffi ke ratayawa a hannu, duk inda suka gaji su buɗe su zauna. Akwai littattafan bayani masu manyan baƙaƙe don masu raunin gani.

Ɗaki na 4 muka fara, na sassaƙe-sassaƙen Masar, don can Dutsen Rosetta yake. A nan ne na ga iyakar abin da lif da gangara za su iya yi. Dutsen yana cikin akwatin gilashi, mutane sun yi masa zobe sahu huɗu, kowa ya ɗaga waya sama. Mai tsayi yana leƙe ta saman kafaɗu. Wanda ke zaune kuwa, idonsa daidai ƙugun mutane yake. Na durƙusa kusa da shi don in ga abin da yake gani: jakunkunan goyo, aljihun wando, gwiwar hannu. Wata jaka ma ta shafi fuskarsa, mai ita bai ko sani ba. Minti 10 muna nan. Na ce, Yaya bari in yi musu magana. Ya ce a'a, jira. Can wata yarinya 'yar makaranta, ba ta fi shekara 10 ba, ta waiwayo, da yake idonta da nasa tsayi ɗaya ne, ta ja rigar malamarsu. Malamar ta ce wa yaran su buɗa. Kamar an tsaga ruwa, sai ga hanya.

Ya matsa har gwiwarsa ta kusa taɓa gilashin. Ya yi shiru. Daga baya ya fara nuna mini da yatsa, murya ƙasa-ƙasa: na sama rubutun zane na Fir'aunoni, na tsakiya rubutun yau da kullum na Misirawa, na ƙasa Girkanci, magana ɗaya ce aka rubuta sau uku a shekara ta 196 kafin haihuwar Annabi Isa. Sojojin Faransa suka tsinto shi a 1799, wani masani Bafaranshe mai suna Champollion ya warware rubutun a 1822. Yaran nan suka daina kallon dutsen suka koma kallonsa, ko da yake ba sa jin abin da yake faɗa. Malami dai malami ne. Ya ce abin da hoto bai taɓa gaya masa ba shi ne ƙanƙantar rubutun, da yadda aka matse layukan kamar mai tsoron dutsen zai ƙare.

A cikin ɗakin nan dai, bayan mun wuce ƙaton kai da ƙirjin Fir'auna Ramsis na Biyu, mai nauyin fiye da tan 7, muka tarar da abin da ya tsayar da ni. Wani dattijo makaho, karensa na jagora yana kwance a gefe, ya ɗora tafukansa biyu a kan wani ƙaton buzuzu da aka sassaƙa da dutse. A gidan da ko'ina doka ita ce kada a taɓa, an keɓe wasu sassaƙe a wannan ɗaki da makafi da masu raunin gani za su iya shafawa, da littafin jagora mai rubutun makafi da zane mai tudu. Bai yi sauri ba. Ya bi gadon bayan da tafin hannu, ya gangaro ya lalubi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya koma ya auna faɗin da hannuwansa a buɗe, ya ce wa matar da ke tare da shi wani abu suka yi dariya. Ni da ke da ido biyu daƙiƙa 5 na ba wa buzuzun nan a zuwana na baya. Yaya ya gaishe shi, suka taɓa hira. Dattijon ya ce mu je ɗaki na 1, akwai kwafin Dutsen Rosetta a fili wanda kowa zai iya taɓawa. Muka je. Ba kowa a wurin. Yaya ya bi layukan da farcensa har ƙasa.

Kusa da nan muka samu ɗaya daga cikin teburan da 'yan sa-kai ke zama da kayan tarihi na gaske, suna ba mutane su riƙe. Wata tsohuwa ta ɗora masa wani gatarin dutse a tafin hannu, irin wanda mutanen farko suka fafe tun kafin a san rubutu. Hannun Yaya ya yi kanta saboda murza taya. Ya jujjuya dutsen har ya zauna masa daidai, babban yatsa ya faɗa wani ɗan gurbi. Ya ce wanda ya yi wannan na-dama ne.

Da rana muka ci burodi mai kifi a ciki da shayi a filin tsakiya, kuɗin ya kusa fam 20 mu biyu, Yaya ya ce to ga inda suke fanshe kuɗin ƙofa.

Hawa sama shi ne aikin haƙuri. Lif ɗin da mai keke ba shi da wata hanya sai shi, kowa ma yana so: masu keken jarirai, masu akwati, da ƙarti majiya ƙarfi da ƙyuya ta hana su taka bene. Sau biyu yana buɗewa a cike, mutane suna kallon Yaya suna kallon silin. A na uku wani saurayi ya fito ya ja abokinsa suka bi matakala. Ɗakunan gawawwakin Masar da aka naɗe, 62 da 63, cunkoson ya yi yawa, muka leƙa muka wuce. Ɗakunan duniyar Musulunci, 42 da 43, da aka buɗe a 2018, sun fi sarari, akwatunan gilashin kuma da yawa sun sauko ƙasa yadda na zaune zai ga cikinsu. Na fara gane cewa ana iya sanin shekarun ɗaki daga tsayin akwatunansa.

Ƙarshe muka sauka ƙasa, ɗaki na 25, na Afirka. Allunan tagulla na Benin suna jere a jikin sandunan ƙarfe, sahu bisa sahu. Na ƙasa daidai fuskar Yaya suke, ya riƙa nuna mini abin da ni a tsaye ban lura da shi ba, ƙananan furanni da aka tsattsaga a bayan kowane mutum, da Turawan Fotugal masu dogon gashi a kusurwa. Na sama kuma ni na riƙa ɗauka da waya ina miƙo masa. Sojojin Birtaniya ne suka kwaso su a 1897, kuma har yau ana ta ja-in-ja kan mayar da su. Yaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ka ga ikon Allah. An yi mini lif, an yi mini gangara, don in zo in ga kayan da masu shi ke nema a ba su." Ban san amsar da zan ba shi ba, shi ma ba amsa yake nema ba.

Ƙarfe 5 aka tashi. An ce kayan gidan sun kai miliyan 8, waɗanda ke fili kaɗan ne daga ciki, mu kuma ko rubu'in na filin ba mu gani ba. Kafaɗun Yaya sun gaji, a bakin ƙofa ya ce, to yanzu tura. Ban taɓa jin daɗin umarni irin wannan ba.

Bas muka hau zuwa wajen cin abinci. Duk bas ɗin Landan suna da gangara mai fitowa da kanta, galibi ta ƙofar tsakiya, kuma mai keke ba ya biya, ni na biya fam 1.75 da kati, don ba sa karɓar tsabar kuɗi. Gurbin keke ɗaya ne tak a kowace bas, mun tarar da keken jariri a ciki. Direba ya yi sanarwa, uwar ta naɗe nata ba musu. Yaya ya ce har Kotun Ƙolin ƙasar aka je kan wannan gurbi, a 2017 ta yanke cewa direba ba zai tambaya sau ɗaya kawai ya yi shiru ba. Kifi da soyayyen dankali muka ci a wani ɗan shago mai tudu a ƙofa, mai shagon ya fito da gangarar katako da ya ƙera da kansa, har da fenti.

Ranar Juma'a gidan tarihin yana kaiwa ƙarfe 8:30 na dare. Da la'asar na fara sa takalmi, Yaya ya ce ina zuwa? Na ce ba komawa za mu yi ba? Ya ce komawa zai yi. Na kawo maganar kekunan haya a hanya, da wurin da ya karkata, da lif. Ya ce ya san su duka, ya zana su a taswira. Ya sa safar hannunsa ta fata, ya sa aka shimfiɗa allon ƙarfen nan, ya gangara titi ya karya kwana, ko waiwaye babu.

Awa 4 na yi a ɗaki, na kunna talabijin na kashe, na ɗauki waya na ajiye ya fi sau 10. Tara da kwata na ji ƙarar taya a baranda. Ya shigo hularsa a jiƙe da yayyafi, idonsa yana ƙyalli. Ya ce da daddare ba kowa gaban dutsen, ya yi rabin awa shi kaɗai, ya kuma ga farautar zakuna ta sarkin Assuriya da muka tsallake. A hanyar dawowa tayar gaba ta faɗa wani rami, wasu mata biyu suka tambaye shi ko yana son hannu, ya ce e, suka ciro shi. Na ce, su ka bari suka taɓa keken? Ya ce, "Su ai tambaya suka yi." Ya cire safar, ya miƙo mini taswirar da ta yi laushi don naɗi, ya ce in adana masa ita a cikin fasfo, in kuma dafa ruwan shayi, yau zai sha har ya ƙoshi tunda jirgi sai Lahadi.